Lissafin Haila da Neman Haihuwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, sau da yawa akan kira mace juya, har a sake ta, alhali wataƙila rashin sanin lokaci ne kawai ya hana ta ciki. Haihuwa kyauta ce daga Allah, kamar yadda ayoyi na 49 da 50 na Suratush Shura suka nuna, amma riƙon sababi ba ya warware tawakkali. Manomi ma sai ruwa ya sauka yake shuka.

Shari'a ta riga ta ɗora wa mace sanin kwanakin hailarta saboda salla da azumi. To, wannan lissafin shi ne kuma zai taimake ta wajen neman ciki. Sai ta fara ƙirga daga ranar da ta ga jini zuwa ranar da ya komo, ta riƙa rubutawa har wata 3.

Likitoci sun bayyana cewa ƙwan mace yakan fito kamar kwana 14 kafin haila mai zuwa. Wadda jininta ke komowa bayan kwana 28, ƙwanta yakan fito wajen rana ta 14. Mai kwana 32 kuwa, wajen rana ta 18. Ƙwan ba ya wuce yini da dare a raye, amma maniyyi yakan kai kwana 5 a jikin mace. Saboda haka kwanaki 5 kafin fitarsa da ranar kanta su ne lokacin dacewa. Alamarsu wani ruwa ne garai mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai.

Sai dai a kiyaye. Saduwa cikin haila haramun ce, aya ta 222 ta Suratul Baƙara ta hana. Mai mata fiye da ɗaya kuma kada ya ci kwanan wata domin wannan lissafi, sai da yardarta, kamar yadda Nana Sauda ta bar wa Nana A'isha nata.

In an shekara ba a dace ba, ko wata 6 ga wadda ta haura shekara 35, miji da mata su je asibiti tare, domin matsalar takan kasance daga namiji ma. A kuma dage da addu'a, gama Annabi Zakariyya a cikin tsufa aka yi masa bushara da Yahaya.

Allah ya ba mu zuriyya ta gari, amin.