IN RUWA YA YAFE, MU FA?

Mai karatu, akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, har nakan jefa wa ɗalibaina ita a nan Gwandu. Mutumin da ya kashe kifin jama'a, in ruwa ya farfaɗo, yana da hakkin shiga su tare da su ko kuwa?

Ba shaci-faɗi na yi ba. A ƙauyenmu, cikin fadamar Kalgo, akwai wani tafki da gulbi ke cika wa kowace damina. Dattawa kan hana taɓa shi sai ranar da aka sa, sa'an nan gari ya fito da homa da gora, manomi da maɗinki da almajiri, ana kiɗa ana sowa. Galibinmu ba masunta ba ne, nishaɗi ke kai mu. Wata shekara, ina yaro, muka wayi gari ruwan ya yi fari fat, ƙarfasa da tarwaɗa da kurungu duk sun juya ciki sama, har da kwaɗi. Ruwa ba ya tsami banza. Ashe wani ɗan gari ne bashi ya sha wa kai, ya zuba Gamalin cikin dare, ya kwashi manyan ya kai kasuwa.

Shi Gamalin maganin ƙwarin gona ne, ba ya bambance babba da ƙarami. Yakan kashe uwa, ya kashe 'ya'ya, ya kashe ƙwarin da suke ci, wanda ya ci kifin ma bai tsira ba. Saboda irin wannan illa ne ƙasashen duniya suka sa sinadarinsa cikin jerin haramtattu a 2009.

To, dattawa suka rufe tafkin damina uku. Duk lokacin da gulbi ya yi ambaliya sai kifi ya biyo ruwa ya shigo fadama ya yi ƙwai, mu kuwa muna gani muna haɗiyar yawu. Da aka buɗe, sai ga mutumin nan ya zo da homarsa. Nan gardama ta sarƙe.

Wasu suka ce ai kifi ya dawo, me ya saura? A ganina sun yi kuskure. Dawowar kifi ba ta wanke shi ba, domin ba shi ya dawo da shi ba. Ambaliya ce ta kawo iri, haƙurin waɗanda ba su ji ba ba su gani ba ya raine shi. Tsohuwar da ta yi shekara uku miyarta ba kifi, ita ta biya bashinsa. Daɗin daɗawa, afuwar ruwa ba ta da tabbas. Tun da aka gina madatsar Bakolori a 1978 da ta Goronyo a 1984, ambaliyar da ke sauko mana ba kamar ta da ba ce. Mai ɓarna da sunan ruwa zai gyara, wata rana zai taras ruwan ya gaza.

Wasu kuma suka ce a kore shi har abada. Waɗannan ma ban bi su ba. Mu dubi Argungu. Kabawa da mutanen Gwandu da Sakkwato sun shafe kusan ƙarni na 19 duka suna gwabza yaƙi, amma bikin kamun kifin da duniya ta sani ya samo asali ne daga ziyarar sulhu da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai can a 1934. Ashe su wurin dinke ɓaraka ne tun fil azal. Sai dai a lura, Matan Fada a rufe yake sauran shekara, Sarkin Ruwa na tsaronsa. Giwan ruwa mai kilo 75 da aka kama a 2005 ba rana ɗaya ya girma ba. Sowar sa'a guda, haƙurin shekara ne ya saye ta.

Abin da dattawanmu suka yanke shi nake ganin daidai. Ɗaya daga cikinsu ya ce masa, "Ɗana, ajiye homarka bana. Kai za ka yi gadin tafkin nan har baɗi, sa'an nan ka shigo." Haka kuwa aka yi. Wanda ya san hanyar ɓarawo cikin dare ya zama mai toshe ta, ya kuma ɗanɗani jiran da ya jawo wa mutane.

Bilhasali, tuba ba ta cika da cewa "na daina" kawai, sai mutum ya ɗauki kasonsa na wahalar gyara. Afuwa kuma ba mantuwa ba ce, ƙofa ce da ake buɗe wa wanda ya yarda ya sunkuya. Wannan bai tsaya ga tafki ba. Duk abin da jama'a suka yi tarayya a kai, makaranta ce ko rijiya ko baitulmali, akwai mai zuba masa Gamalin cikin dare, ya kuma zo da homarsa ranar buɗi. Kafin mu ce masa bismilla, mu tambaye shi: damina nawa ka yi gadi?

Allah Ya sa mu gane.