MOTAR OFIS DA GIDAN KAMFANI: KYAUTA CE KO ALBASHI?



'Yan uwa, tun da sabuwar dokar haraji ta Najeriya ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, ake ta maimaita mini tambaya ɗaya: "Malam, motar da kamfani ya ba ni da gidan da ya zaunar da ni, dole ne a sa su a lissafin haraji? Ai ba kuɗi aka damƙa mini ba."

A doka, idan wurin aikinka ya ba ka mota kana hidimar kanka da ita, ana ɗaukar kashi 5 cikin 100 na kuɗin da aka saye ta a matsayin ƙarin albashinka na shekara. Motar naira miliyan 40 ta ƙara maka miliyan 2 ke nan a lissafi. Gida kuwa kuɗin hayarsa na shekara ake dubawa, amma ba ya wuce kashi 20 cikin 100 na albashin shekara. Yunifom da abincin kantin ma'aikata ba sa ciki.

To a shari'a fa? A fahimtata, mota da gida ladan aikinka ne. Ranar da ka ajiye aiki, ranar za a karɓi makullai. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yarje wa ma'aikacin hukuma ya samu mata da mai hidima da gidan zama, abin da ya ɗauka bayan haka kuma ha'inci ne. Ashe tun can waɗannan alfarmomi ƙididdigaggu ne, suna da iyaka. Ƙissar Ibnul Lutbiyya a Bukhari ma ta koya mana cewa kiran abu "kyauta" ba ya canza haƙiƙarsa, matuƙar kujera ce ta jawo shi.

Wani zai ce: "Ai kuɗin harajin ma sace su ake yi, ga hanya ba kyau, ga asibiti ba magani." Wallahi koken nan yana da tushe. Malamai irin su Imamul Gazali da Shaɗibi ba su halatta wa shugaba ɗora haraji ba sai da sharuɗɗa: buƙata ta gaskiya, baitul mali ya gaza, kuma a yi adalci. Kana da haƙƙin ka nemi a yi maka bayanin inda kuɗinka ya tafi, ka yi magana a fili.

Amma zaluncin wani ba ya halatta maka ƙarya. Akantan da ya rubuta motar miliyan 40 a matsayin ta miliyan 10, da ogan da ya sa hannu, shaidar zur suka yi.

Sannan ku duba wa ake cuta. Malamin makaranta da nas albashinsu duka tsabar kuɗi ne, ana cire haraji kafin alat ya shigo, ba su da wurin ɓuya. Babban manaja kuwa ya mayar da rabin samunsa mota da gida, sannan ya rage musu ƙima a takarda. Ƙarami ya biya cif, babba ya zille. Wannan shi ne tauye mudu da Suratul Muɗaffifin ta yi kashedi a kai.

Ɗan uwa, duk rangwamen da doka ta ba ka, karɓi abinka, halal ne. Amma abin da za ka sa wa hannu, tabbatar gaskiya ne, ko da za ka biya fiye da yadda ka so.

Allah Ya tsarkake mana abincinmu, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Wallahu a'alam.