Bimbinin Safiya: Wane Ne Mai Kuɗin?

 

A cikin Suratul Ƙalam, Allah Maɗaukakin Sarki ya ba mu labarin wasu masu gona da amfaninsu ya nuna. Suka rantse za su girbe shi da sassafe, ba su ko ce in Allah ya so ba. Ba zafin rana suke gudu ba. So suke su kwashe kafin miskinai su farka, har suna tafe suna yi wa juna raɗa kada a bar ko ɗaya ya shigo. Da suka isa sai suka tarar bala'i ya riga su cikin dare, suka zaci ɓatan hanya suka yi. Malaman tafsiri sun ce gadon gonar suka yi daga uba mai ware wa talakawa rabonsu ranar girbi, 'ya'yan kuwa suka buga lissafi, suka ga iyali sun yi yawa, abin ba zai isa ba.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, farashin mudu ya tashi, tambaya ɗaya ke yawo a teburin mai shayi da gindin bishiya: anya masu kuɗin nan sun damu da talaka, ko neman suna ne kawai? Kowa da hujjarsa. Wani zai tuna maka cewa a azumin 2024 gidauniyar Dangote ta raba wa Kano buhu 120,000 na shinkafa mai kilo 10, marigayi Alhaji Aminu Dantata kuma ya ba da naira biliyan ɗaya da rabi lokacin ambaliyar Maiduguri a watan Satumbar shekarar. Wani zai ce ai a Fabrairun 2024 ne hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta garƙame wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, zargin da 'yan kasuwar suka musanta. Ni dai ba zan kira kyautar kowa riya ba. Zuciya ɗaki ce da Allah kaɗai ke da mabuɗinta, kuma uwar da ta dafa shinkafar nan ta san ranar da ta yi mata. Sai dai kilo 10 a gida mai baki goma na 'yan kwanaki ne, talauci kuwa a nan yake kwana.

Mu bar na nesa, mu dubi ƙasar da muke takawa. Daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa, Bichi da Dambatta, gona jikin gona take, babu dajin da za a sara, babu saurar da za a bari ta huta. Kowace shekara sai an shuka, ƙasar kuma ba ta bayarwa sai da taki. Rabon gado ya yanyanka filin kaka har ya zama 'yan kunyoyi. To, ga yadda mutum yake zamewa. Rumbunsa ya ƙare tun bazara. Ruwa ya sauka, ya yi shuka, lokacin noman fari ya zo, amma babu abin ɗorawa a murhu. Dole ya ɗauki fartanya ya tafi ƙwadago gonar wani don a ci yau, tasa kuma ciyawa ta cinye gero. Da kaka ya sami ɗan kaɗan, masu bin bashi na tsaye, ya sayar lokacin da hatsi ya fi araha. Da marka ya dawo ya sayi irin hatsin da tsada. Baɗi ya jinginar da gona. Shekarar da ke biye ya sayar, ya tafi cin rani wanda ba a dawowa. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta ga wannan a Dorayi a farkon shekarun 1970, tun wurin yana ƙauye, ta rubuta cewa akwai magidantan da talauci ya hana su noma gonar kansu. Fiye da shekara 50 ke nan, tafiyar ba ta sauya ba.

A kowane mataki na wannan zamewa akwai wanda ya ci riba. Wa ya ɗauki ɗan ƙwadagon? Wa ya ba da buhu ɗaya don ya karɓi biyu da kaka? A hannun wa gonar take jingine? Ba attajirin Legas ba ne. Mutumin da kafaɗarsa ke gogar taka a sahun asuba ne, ko kuma kai ne. A ƙauye, duk wanda hatsinsa ya kai shi sabon girbi, yana da shanun huɗa da 'yan awaki a turke, shi ne mai kuɗi a idon maƙwabcinsa. Yana da daɗi a zauna ana yanke wa manya hukunci, domin hakan yana sa mu manta cewa wani yana can yana yi mana irin wannan tambayar.

Zakkar hatsi sananniya ce: idan amfani ya kai sa'i 300, ɗaya cikin goma ne ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka shayar da inji da wahala, kamar shinkafa da alkamar rani. Wannan haƙƙin talaka ne da aka ajiye a wurinka, ba alfarma ba, kuma wanda ya mayar da ajiya ba ya jiran a yi masa kirari. Ga shi da kaka ake fitarwa, lokacin da kusan kowa ke da abin sawa a baki. A ganina, ba a nan ake gane wanda ya damu ba. Ana gane shi a watan Agusta, lokacin da gero bai nuna ba, ana kwaɗon rama da tafasa. Shi ne mai ba da rancen hatsi mudu a mudu ba ƙari. Shi ne mai aika shanunsa su yi wa maƙwabci huɗar safiya guda, mai biyan ɗan ƙwadago ranar da ya yi aiki ba a ce masa ya dawo ran kasuwa ba, mai barin mata su yi kala a gonar gyaɗarsa ba tare da kora ba. Sayen hatsi da kaka a ajiye ciniki ne halal. Abin da malamai suka hana shi ne a rufe ƙofa mutane na cikin yunwa ana jiran farashi ya ƙara hawa.

Akwai kuma waɗanda ba za ka taɓa gani a layin rabo ba. Suratul Baƙara ta ambaci mabuƙatan da kamun kai ke sa a ɗauka mawadata ne, ta kuma yi gargaɗi cewa gori yana ɓata sadaka. Dattijon da ke wanke rigarsa ɗaya ya zo masallaci tsaf, gara masa ya kwana da yunwa da a ɗauki hotonsa riƙe da buhu. Babu gidauniyar da ta san gidansa. Kai ka sani, uwargidanka ma ta fi ka sani, domin ita ce ke lura da gidan da aka yini ba a ji dakan turmi ba.

Don haka kafin ka fita gona yau, tambaye ta. In akwai gonar wani jingine a hannunka, kuma ka daɗe da cin abin da ya fi kuɗinka, ka kira shi ku yi magana. In akwai wanda kake bi kuma ka san babu, ka ɗaga masa har kaka, ka faɗa masa da bakinka don ya daina kauce maka a hanya. Allah ya ba mu ikon aikatawa, ya sa albarka a damina, amin.