Haƙƙin Wanda Ba a Tambaya Ba

Shin mutum yana iya yi wa ɗan'uwansa alheri ba tare da ya saurare shi ba? Na daɗe ina ɗaukar amsar a matsayin abu mai sauƙi, har sai da rashin lafiyar yayata ta sa na sake tunani.

A Gaya na taso, ita kuwa aure ya kai ta wani ƙauye a Ƙaramar Hukumar Ajingi. Da ta samu juna biyu, na yi mata rajista a wata manhaja da ke aika saƙon tunatarwa game da ranakun awon ciki. Na koma gida ina ganin na sauke nauyin zumunci. Ban yi la'akari da cewa wayar gidan ta mijinta ce ba, shi kuma da an kammala girbi yake tafiya ci-rani Legas da ita a aljihu. Saƙonnin da Ingilishi suke zuwa, alhali yayata da ajami take karatu. Haka watanni suka shuɗe ba a auna jininta ba, har ranar da jijjiga ta kama ta aka garzaya da ita asibiti cikin dare. Allah Ya ƙaddara tana da sauran kwana. Da na je duba ta ina ba ta haƙuri, sai ta ce, "Ƙanina, ai da ka tambaye ni, da na gaya maka wayar ba tawa ba ce."

Manhajar ba ta yi ƙarya ba, kowane saƙo ya fita a kan lokaci. A rumbun bayanan masu ita, yayata tana cikin waɗanda aka taimaka. Laifin, wanda ni ma ina da kaso a ciki, shi ne an ƙera ta ne domin wata mace da aka ƙirƙira a zuci: mai wayar kanta, mai lantarki, mai karatun boko. Kyakkyawar niyya ba ta wanke wannan, domin wanda ya yanke wa mutum abin da yake buƙata ba tare da jin ta bakinsa ba, ya raina shi ko da bai sani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tarihin yaƙi da shan inna ya nuna wata hanyar. A 2003 an dakatar da rigakafin a Jihar Kano saboda rashin yarda, cutar kuma ta bazu. Daga baya, cibiyoyi irin su eHealth Africa da ke Kano sun taimaka wajen ba masu ɗigon rigakafi wayoyin da ke nuna inda suka taka, ana kwatanta sawunsu da taswirar da aka zana daga hotunan tauraron ɗan'adam. Ba a nemi ma'aikaciya ta karanta komai ba, wayar tana jakarta tana aikinta. Ta haka aka gano rugage da ƙauyukan da ake tsallakewa. Amma taswira ba ta buɗe ƙofar gida. Dagatai da masu unguwanni da malamai ne suka shawo kan magidanta. A Yulin 2014 aka samu yaro na ƙarshe da ƙwayar cutar ta asali ta kama a jihar, a Sumaila, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Wani zai ce sauraron kowa yana cin lokaci da kuɗi, kuma gwamma rabin taimako da babu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai a harkar lafiya rabin taimako yana da haɗarinsa, domin yana kwantar da hankalin wanda ya kamata ya damu. Da ban dogara da manhajar ba, da na riƙa zuwa ina raka yayata awo da kaina.

Saboda haka na yi imani cewa duk mai ƙera irin wannan abu amana ya ɗauka, kuma farkon sauke ta shi ne ya zauna a tabarma ya yi tambaya: wayar ta wa ce, wa ke karantawa, a ina ake caji, wa ke ba da izinin fita? Ta yiwu amsar ta zama kiran murya da Hausa zuwa ga ungozomar unguwa. Yanzu yayata ta sake samun ciki, kuma a wannan karon da tambayarta na fara.