Nutso Cikin Teku Don Kallo: Halas Ne Ko Ganganci?

Wani ɗalibina a Yola ta wajen Ƙaraye ya nuna mini hoton waɗansu mutane goye da tukunyar iska, sun nutsa cikin Bahar Maliya suna yawo tsakanin murjani, dabbobin dolfin na kewaya su. Ya ce, "Malam, wannan ba jefa kai cikin halaka ba ne?"

Na ce masa nutso kansa ba laifi ba ne. Alƙur'ani ya ambaci aljanun da ke yi wa Annabi Sulaiman (AS) nutso, ya kuma lissafa lu'ulu'u da murjani cikin ni'imomi. Wanda ya ga ƙaton kifin nan da Larabawa ke kira anbar, mai numfashi da huhu, mai shayar da ɗansa nono a tsakiyar ruwa, ai ya sami abin lura.

Abin dubawa shi ne shiri. Tun da Cousteau da Gagnan suka ƙera wannan na'ura a Faransa cikin 1943, masu nutso da ita sai sun koya tukuna. Ba su shiga su kaɗai, ba su kuma tasowa da gaggawa, domin iskar da ta narke cikin jini takan yi kumfa ta shanye gaɓoɓi. Sun ɗaure raƙumi kafin tawakkali ke nan.

Ni damuwata tana nan kusa da gida. Tun da aka gama madatsar ruwan Challawa a 1992, samarinmu, waɗanda kakanninsu ba masunta ba ne, sukan faɗa ciki don a ce musu jarumai, babu gwani a kusa, babu ko gora. Na tambayi ɗalibin ko yana cikinsu. Sai ya sunkuyar da kai.