Tawakkali da Tsare Dukiya a Cikin Motar Haya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, idan hutun ƴan lakkol ya zo, wasu daga cikinmu da Allah ya hore ma hali sukan tafi Umra da iyalansu, su ɗauki hayar mota su riƙa tuƙa kansu tsakanin Jidda da Makka da Madina. Babu laifi cikin wannan. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani sakaci da ake sanya ma rigar tawakkali.

Mai barin Madina zuwa Makka yana da tafiyar fiye da kilomita 400, kuma zai tsaya a miƙatin Zul Hulaifa, wanda ake kira Abyar Ali, domin ɗaukar harami. To, haramin namiji ba shi da aljihu. Sai mutum ya tuɓe rigarsa, da fasfo da kuɗi da salula a cikinta, ya jefa ta bisa kujera, ya tafi wanka. Haka ake yi wajen ziyarar Uhudu da masallacin Ƙuba. In ka yi masa magana ya ce ai ƙasa mai tsarki ce. Ƙasar mai tsarki ce ƙwarai, amma ba duk wanda ya taka ta ne mai tsarkin zuciya ba.

Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Safwanu ɗan Umayya ya yi barci a masallaci ya yi matashi da mayafinsa, ɓarawo ya zo ya zare shi, aka kama shi aka kai shi gaban Annabi (SAW). Mu lura da abu biyu. An yi satar a masallaci, a zamanin da ya fi kowane zamani. Sannan Safwanu bai bar mayafin a ƙofa ba, ƙarƙashin kansa ya sa shi, kuma daga nan malamai suka fahimci cewa abin da mai shi ke tare da shi yana cikin ma'ajiya. Tirmizi kuma ya ruwaito daga Anas cewa wani mutum ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi da ya haɗa ɗaurin da dogaron.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne dukiyar mutane. Da wuya matafiyi ya bar Maradi ko Damagaram ba tare da saƙo ba: wannan ta ba da kuɗin darduma, wancan na dabino, wata tsohuwa ta ba da abin da ta shekara tana tarawa. Wannan ajiya ce. A wurin malamanmu na Malikiyya, mai riƙe da ajiya ba ya biya idan ta salwanta ba da sakacinsa ba, amma idan ya yi sakaci sai ya biya. Wanda ya bar jakar mutane a fili bayan gilashi, me zai ce masu, kuma me zai ce ma Ubangijinsa? Kada ya sa rai ga kamfanin haya, domin galibi yarjejeniyarsu kan motar take, ba ta shafi kayan da ke ciki ba.

Saboda haka fasfo da kuɗi su kasance a jikinku, cikin ɗamarar da ake ɗaurawa a ƙugu. Malamai sun halatta ta ga mai harami domin tsare guzuri. Sauran kaya a bar su a masauki. In ya zama dole a tafi da su, a sa su cikin ma'ajiyar bayan mota tun kafin a taso, domin mai shirya kaya a wurin tsayawa yana nuna ma mai kallo inda ya ɓoye su. A ja ƙofa da hannu bayan an kulle, kada a wadatu da ƙarar makulli. In ku da yawa ne, ɗaya ya tsaya wurin mota har sauran su fito, sannan ya shiga. Miƙati ba ya gudu.

Wanda aka jarrabe shi duk da haka, ya yi istirja'i, ya sanar da ƴan sanda da kamfanin a ranar, ya karɓi takardar shaida, domin za a neme ta a ƙaramin ofishin jakadancinmu da ke Jidda idan fasfo ne ya ɓata. Ya kuma faɗa ma masu ajiya gaskiyar yadda abin ya auku. Allah shi ne mafi sani.