Laifin Shekara ko Laifin Mutanenta?

Al'ada ce daɗaɗɗiya ga 'yan Adam su laƙaba wa shekara sunan abin da ya fi girgiza su a cikinta, domin Larabawa sun yi Shekarar Giwa tun gabanin Musulunci, Musulmi suka yi Shekarar Baƙin Ciki wadda Nana Hadiza da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta, iyayenmu kuwa suka riƙa lissafin aure da haihuwa da shekarar fara, ko ta yunwa, ko ta zuwan Sarauniyar Ingila Kano a 1956. Da mutanen Karaye da Rogo za su bi wannan tafarki, 2024 ba za ta rasa suna ba, sai dai galibin sunayen da ake jin ana ba ta a majalisa da bakin kasuwa sun fi kusa da tsinuwa, har dattijo mai furfura ya ce wannan shekara ba ta zo da alheri ba. To, abin tambaya ga mai hankali shi ne ko shekara tana zuwa da wani abu, balle a tuhume ta.

Babu musun cewa ta cika da al'amura. Ranar 11 ga Fabrairu samari suka cika gidajen kallo maƙil, wasu a kan benci, wasu a tsaye suna leƙe ta kafar zana, janareta na ta ruri a waje, aka yi sowa sa'ad da Troost-Ekong na Najeriya ya fara jefa ƙwallo a Abijan, daga bisani kowa ya fito jiki a sanyaye bayan Kwaddibuwa ta rama ta ƙara, ta ɗauke kofin Afirka da ci biyu da ɗaya. A Afrilu, ana gab da ƙaramar salla, 'yar wasan fim Saratu Giɗaɗo, wadda duniya ta sani da Daso, ta riga mu gidan gaskiya. A Agusta tsadar masara da shinkafa ta fitar da jama'a kan titi a Kano. Amma abin da ya fi taɓa wannan yanki shi ne na 23 ga Mayu, ranar da Majalisar Dokokin Jihar Kano ta soke dokar 2019 wadda ta ɗaga Karaye zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya, mai iko har Gwarzo da Kabo, aka ba Sarki Ibrahim Abubakar na Biyu da takwarorinsa sa'o'i 48 su bar gidajen sarauta. Kana a Yuli aka sake kafa masarautar a daraja ta biyu, ba ta wuce Karaye da Rogo ba, aka naɗa Alhaji Muhammad Mahraz a kanta.

Malamanmu sun karantar da mu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hani ga zagin zamani, illar hanin kuwa ita ce dare da rana ba su da irada ko ƙudura, Mai jujjuya su ne yake da su, saboda haka duk zagin da aka jefa wa shekara ba a kanta yake sauka ba. Wannan kowane ɗalibin zaure ya san shi. Abin da ba a cika lura da shi ba, a ganina, shi ne cewa hanin ya toshe wa mutum wata ƙofar gudu, domin wanda ya ce zamani ne ya kawo, sau da yawa ba fushi da ƙaddara yake yi ba, sauƙi yake nema wa kansa ko wa wani mai iko da yake jin nauyin ambatonsa. Ambaliyar da ta ci Maiduguri a Satumba ma, in aka bi diddigi, akwai ruwan sama a ciki, akwai kuma madatsar Alau da hakkin kula da ita. Ina ga dokar da mutane masu suna suka zauna suka rubuta, suka sa hannu, ko ta 2019 ko ta 2024? Malaman tauhidi na tafarkin Ash'ari sun ce halittar aiki ta Allah ce, kasabinsa kuwa na bawa ne, kuma a kan kasabin nan ake hisabi. Imani da ƙaddara bai taɓa zama hujjar ɗauke alhaki daga wuyan mai alhaki ba, in ba haka ba da alƙalai sun naɗe buzayensu tuntuni.

Sayyadina Umar ya ga shekarar da ta fi 2024 tsanani, wato Shekarar Toka, a ta 18 bayan Hijira, lokacin da fari ya ƙone Hijaz. Bai tsaya la'antarta ba, ya haramta wa kansa man shanu har fatarsa ta sauya, ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, ya dakatar da haddin sata, kana ya fita roƙon ruwa. Addu'a tana wurinta, aikin hannu yana wurinsa, ba a sa ɗaya ya ci gurbin ɗaya ba.

Wani abin al'ajabi, wanda ya isa a yi dariya a kuma yi tagumi, shi ne cewa a shekarar da 'yan sanda suka hana hawan babbar salla saboda sarakuna biyu suna jayayya a birni ɗaya, wato Kano, a cikinta ne, a watan Disamba, hukumar UNESCO ta shigar da hawan sallar Kano cikin kundin al'adun duniya da ya wajaba a kiyaye. Dawakin da aka ciyar da dusa da harawa wata da watanni suka yini a turke, lifidi da jalala suna rataye, alhali sunansu yana yawo a Faraguwai inda aka yi taron. Watan Zulhajji bai saɓa lokacinsa ba, ya kama kamar yadda ya saba kamawa kowace shekara. Waɗanda suka kasa daidaitawa a kan wanda za a yi wa jafi su ne ya kamata a tambaya.